Jinin aro da azumin 'yata

A shekarar da ta biyo bayan saukar soja daga mulki ina aiki a wani gidan burodi a Agege, ni ne mai kula da kwaɓi. Gidan na wani Bayarabe ne, amma ya sakar mini ma'aikata da tanderu, shi sai dai ya leƙo da hantsi. Aikin burodi ba ya son tsallake. Akwai abin da ke fara shiga kwaɓi, akwai wanda ke biye masa, kuma wanda ya sauya jerin zai ga sakamako in an buɗe tanderu. Haka nake tafiyar da gidana ma. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma na san abin da ya kamata ya riga wani.

Muna zaune a ɗaki biyu a wani gidan haya bayan layin dogo, ni da matata da 'ya'ya uku. Labarin babbar zan bayar. 'Yar fari ce, don haka ban saba kiran sunanta ba. "Ke" nake ce mata, in kuwa da uwarta nake magana sai in ce "yarinyar nan". Tana da sikila. Tun tana 'yar shekara uku aka gwada jininta a babban asibiti aka ce mana SS ce, wato ta gaji abin ta wajena da ta wajen uwarta, mu biyun muna ɗauke da shi ba mu sani ba.

Daga nan na kafa mata doka. Da safe ƙwaya biyu, ƙaramar rawaya mai taimakon jini da kuma ta kariya daga zazzaɓin sauro. Ruwa kuwa ba sai ta ji ƙishi ba, gorarta na hannunta duk inda za ta. Ba ta wanka da ruwan sanyi, ba ta shiga ruwan sama, kuma ranar da asibiti suka ba mu muna zuwa ko da lafiyarta ƙalau. Duk da haka ciwon kan zo ya kama gwiwa da ƙugu, ta wuni tana murƙususu a tabarma. In ya sake ta kuwa, bakinta ya fi jikinta ƙarfi. Haihuwar Legas ce, Yarabanci a bakinta kamar ruwa, kuma ba ta barin magana ta faɗi ƙasa.

Abu ɗaya take nema a wajena kowace shekara, shi ne azumi. Ƙawayenta na Islamiyya sun fara tun suna ƙanana, suna yi wa juna gorin wa ya fi. Ita kuwa likita ya riga ya gaya mini ƙishirwa ce ke tayar da ciwon, don haka amsata ɗaya ce kullum.

A daminar wannan shekarar, tana da sha biyu, zazzaɓi ya kama ta duk da maganin. Kafin mu ankara tafin hannunta ya yi fari fat, in ta miƙe sai jiri. Likita ya duba idonta ya ce a nemo jini a ranar. A unguwarmu ba ma sayen jini a hannun masu shawagi a bakin asibiti. Liman ake gaya wa, shi kuma ya sanar bayan salla. Na gaya masa da azahar, kafin la'asar maza sun cika motar haya ta danfo guda. Aka gwada su, wanda jininsa ya dace kuma ya fita tas shi ne maƙwabcina, wani mahauci ƙato mai aiki a mayanka, wanda yarana ke ce wa Kawu. Bazazzage ne, ni kuwa Bakano, don haka tsakaninmu ba a gaisuwa sai da tsiya.

Yana kwance ana ɗiba, ya juyo ya dube ni.

"Bakano, ka shaida. In ka ga yarinya ta fara kyauta, ka san inda ta samo, don ba a gidanku ba ne."

"In ta fara cika baki dai," na ce.

"Wannan tun da can tana da shi. Ni gyara na zo yi."

Aka ƙara mata jinin. Ban taɓa ganin canji irin wannan ba. Kafin sati ya zagayo idonta da ya saba zama rawaya ya washe, leɓenta ya yi ja, ta hau cin abinci har uwarta na ƙara awo. Da muka koma gida na gan ta da idona tana tsallen igiya a tsakar gida, ba ta tsaya tana haki ba.

Ba a jima ba sakandaren da ta samu suka ce a kawo takardar jinotaif, wato ta gwajin sikila, kafin a ba ta aji. Tsohuwar takardarmu ruwan da ya taɓa shiga ɗaki ya lalata ta. Babban asibiti da nisa, ga layi, ga lokaci ya ƙure. Sai na kai ta wani ƙaramin ɗakin gwaji kusa da kasuwa, kamar sati biyu bayan an sallame mu. Mai gwajin ya tambayi suna da shekaru, ya ɗebi jini, ya ce mu dawo gobe. Da na koma ya miƙo mini takarda an rubuta AS.

Na san bambancin haruffan nan kamar yadda na san sunana. AS irina ne da uwarta, mai ɗauke da abin amma ba ya ciwo. Na ce masa ya yi kuskure. Ransa ya ɓaci, ya ce in kawo ta a sake, ba zai karɓi komai ba. Na kawo ta, aka sake, aka sami AS. Ya buga hatimi ya ce in ina so in kai ko'ina.

Matata da ta ji, sai ta shiga ɗaki ta yi sujada, ta daɗe ba ta ɗago ba. Washegari ta toya waina ta raba gida-gida. Labari ya bazu cewa jinin mahauci ya wanke jinin yarinya, ya kori rabin ciwon. Kuma lokacin ya taimaka wa maganar. A tsakiyar wannan shekarar rediyo ya yi ta maimaita cewa masana a ƙasashen waje sun kusa gama karanta rubutun da ke cikin jikin ɗan Adam, wanda ke faɗin yadda za a gina shi, har da cututtukan da ake gada. A majalisar ƙofar masallaci an yi ta muhawara a kai. Wasu suka ce shisshigi ne cikin lamarin Ubangiji, wasu suka ce ilimi ne Shi Ya ba su. Ba wanda ya fahimci abin sosai a cikinmu, amma kowa ya tashi da cewa zamani ya zo da jini ma ana iya sauya shi. To, ga shi an gani a gidana.

Maƙwabcina kuwa ya samu abin yi. Ya daina hawa okada, wai kada ya faɗi a yi asarar maganin jama'a. Kullum da yamma sai ya aiko wa kansa da hanta daga mayanka, ya zauna a ƙofar gida yana ci yana cewa jari yake ƙarawa. Abin dariya ne a wajenmu, har ranar da wata mata ta taso tun daga Sabo Yaba da ɗanta mai sikila a goye, tana roƙonsa ya taimaka musu da ko rabin leda ne. Ranar bai yi raha ba. Ya ce mata duk ranar da likita ya nema ta aiko.

A gida, uwarta ta ce ba a ba mai lafiya magani. Na duba takarda, na duba yarinya, na yarda. Aka daina ƙwayoyin. Gorar ruwa ta koma bayan ƙofa. Ita kuwa ta zo gabana ta durƙusa, ta ce, "Baba, bana talatin cif zan yi." Na ce Allah ya kai mu. Daga ranar ta fara shiri. Ta sa uwarta ta ɗinka mata sabon hijabi na asham, ta tsara abin da za ta riƙa ci da sahur, ta gaya wa duk ƙawayenta su shirya shan kaye.

Ana cikin haka ranar da asibiti suka ba mu ta zagayo. Matata ta ce me za a je yi, tunda an warke. Na ce mutanen da suka yi shekaru suna ɗawainiya da 'yarki ba a ɓace musu kamar wanda ya ci bashi. A je a yi godiya, a yi sallama, sannan a rufe. Yarinya na makaranta, don haka na zaɓi manyan burodi masu zafi na shiga danfo ni kaɗai.

A ɗakin gwajin babban asibitin akwai wata mata da ta daɗe tana ɗibar jinin 'yata. Kirista ce, 'yar kudancin Kaduna, gajeriya mai tabarau, tana Hausa irin tasu ta can. "Ƙawata" take kiran yarinyar. Ita na fara nema. Na ajiye burodi, na gaishe ta, na ce sallama na zo yi, Allah ya yaye mana.

"Ya yaye kamar yaya, Malam?"

Na miƙa mata takardar. Ta karanta, ta cire tabarau, ta jawo mini kujera.

"Zauna. Yaushe aka ƙara mata jini?"

Na gaya mata.

"Wannan gwajin kuma yaushe?"

Na gaya mata.

"Mai gwajin ya tambaye ka ko an ƙara mata jini?"

"Bai tambaya ba."

"Kai kuma ba ka faɗa ba."

"Ban san yana da alaƙa ba, Madam."

"Ba laifinka ba ne. Tana shan maganinta?"

Da na ce an daina, sai ta tashi ta rufe ƙofa, ta ce wa abokin aikinta ya riƙe mata layi. Ta ɗauko wata siririyar takarda mai ɗige-ɗigen ja ta ajiye a gabana. Ta ce haka suke gwajin: a ɗiga jini a gefe, a jona wutar lantarki, sai jan abin da ke cikin jinin ya yi tafiya a kan takardar. Irin A yana da inda yake tsayawa, irin S yana da nasa. Layi ɗaya a wajen S, SS ke nan. Layi biyu, sai a rubuta AS.

"To ai layi biyu ya gani," na ce. "Har sau biyu."

"Ko sau goma ya yi, biyu zai gani. Ɗaya nata ne, ɗaya na wanda ya ba ta. Malam, kai mai burodi ne. In ka karɓo burodin wani gida ka zuba a farantinka tare da naka, wanda ya leƙa zai ga iri biyu. Kwaɓinka ya canza?"

"Bai canza ba."

"Gobe in ka gasa, wane iri zai fito?"

Na riga na gane. Gwajin ya zo bayan ƙarin jini, alhali kafin shi ya kamata ya zo, ko kuma can bayan jinin aron ya ƙare.

Ta ci gaba a hankali. Ta ce na ji labarin rubutun nan da ake ta faɗa a rediyo? Na ce na ji. Ta ce gaskiya ne, yana cikin ƙwayoyin jikin kowa, dogo ne ƙwarai, kuma ciwon ƙawarta harafi ɗaya ne tak da ya sauya a cikinsa. Rubutun shi ke ba da umarni, jiki kuma ya ƙera abubuwa iri-iri bisa umarnin, su suna kiransu furotin. Jan abin nan mai ɗaukar iska a jini ɗaya ne daga cikinsu. Ta ce na'urarsu ba ta karanta rubutun ko kaɗan, abin da aka ƙera kawai take gani. A ɓargo ake yin jini, kuma ɓargon yarinya da rubutunta yake aiki. Jinin maƙwabcina zai tsufa ya ƙare cikin kamar wata uku, ita kuma ta ci gaba da yin nata kamar da.

Na tambaye ta, tunda sun karanta rubutun, ba za su iya goge harafin su gyara ba?

"Karantawa daban, gyarawa daban," ta ce. "Ko abubuwan da rubutun ke sa a ƙera ma ba a gama sanin aikinsu ba. Ba a kai nan ba tukuna. Yau dai a koma kan magani, yau ɗin nan. In wata ukun ya cika ka kawo mini ita in gwada da hannuna."

"Ta sa rai da azumi."

"Kada ta yi. Lokacin ne ma jinin aron ke ƙarewa, ita tana jin kanta da ƙarfi, ga ba magani, ga ƙishi. Ina roƙonka."

Ta kai ni wajen likita, ya maimaita abin da ta faɗa, ya rubuta magani. Har zan fita ta kira ni ta ce in ba don burodin nan ba, da sai dai su gan mu a ɗakin gaggawa.

A hanyar komawa na tsara yadda zan faɗa: uwarta tukuna, sannan maƙwabcina, sannan ita. Uwarta ba ta karɓa ba. Ta ce na bar takarda mai hatimi, an gwada har sau biyu, na kama maganar baki. Ta ce in dubi yarinyar da idona mana. Na ce na duba, kuma abin da nake gani ba nata ba ne. Ta juya mini baya tana share ido, ta ce wainar da ta raba fa, me za ta ce wa mutane? Na ce sadaka ba ta ɓaci ba, yarinya ta tashi daga ciwon da ya kusa tafiya da ita.

Maƙwabcina na same shi yana wasa wuƙa. Ya saurara har na gama.

"Wato nawa haya ya shiga, ba saye ba."

"Haka ta ce."

"Matar nan 'yar ina ce?"

"Kudancin Kaduna."

"Ƙasar Zazzau ke nan. To ba ta ƙarya." Ya gwada bakin wuƙar a farcensa. "Ɓargo kuwa gaskiyarta, ni na fi kowa sanin ɓargo. Sai in aika wa matar Sabo kada ta zauna jirana ta bar kai yaro asibiti. Amma ka sani, Bakano, wata uku jinin Bazazzage na riƙe da gidanka. Wannan ba a goge shi."

Na ce ba a goge shi.

Ita ce mai wuyar. Na kira ta bayan magariba na yi mata bayani bi da bi, yadda aka yi mini. Ta saurara tana kallon ƙasa. Da na gama ta ce, "Baba, kai ka ce takarda ba ta ƙarya." Na ce takardar ba ta yi ƙarya ba, abin da ta gani ta faɗa, lokacin ne ba daidai ba. Ta ce to a sake gwadawa gobe. Na ce gobe ma biyu za a gani, sai wata uku ya cika. Ta yi lissafi da yatsu, ta ɗago.

"Azumi zai kama kafin nan."

"Zai kama."

"To in yi har a gwada. In an ce SS ce sai in ajiye."

"A'a."

Na kai ta wajen liman ko za ta ji daga bakinsa. Ya ce mata Wanda Ya wajabta azumi Shi ne Ya ɗauke wa mara lafiya, kuma karɓar sauƙin da Ya bayar shi ma biyayya ce. Ta ce, "Allah gafarta Malam, ai ni takardata ta ce ba mara lafiya ba ce." Liman ya dube ni ya ce wannan kuma tsakaninku da likita.

Aka koma kan ƙwayoyi, tana haɗiya ba ta kallona. Aka ga wata. Ni ina fita tun asuba, don haka na bar wa uwarta umarni: ta karya kumallo, ta sha magani, ta tafi makaranta da gorarta. Kwanakin farko gorar na dawowa ba ko ɗigo, na ce madalla. Sai wata rana da magariba na lura da yadda ta zauna kusa da faranti, idonta a kan dabino, leɓenta a bushe har ya tsage. Da aka kira salla hannunta ya riga nawa. Na dubi uwarta, ta sunkuyar da kai. Ashe tana tashinta sahur bayan na fita yin alwala, ta ba ta ƙwayoyin a lokacin, ruwan gorar kuwa a kwata yake ƙarewa.

Ban yi faɗa ba. Washegari na gaya wa oga zan riƙa fita na ɗan lokaci da hantsi. Na cika gora na tafi makarantarsu daidai lokacin tara, na sa mai gadi ya kira ta. Ta fito da ƙawayenta biyu a bayanta. Na miƙa mata gorar ta tsakanin ƙarafan ƙofa.

"Sha."

"Baba, a nan?"

"A nan."

"Kunyata ni kake yi. Kai da kanka azumi kake."

"Ina yi. Sha."

Ta sha tana hawaye, ruwan na zuba a sabon hijabin. Ɗaya daga cikin ƙawayen ta yi wata magana da Yarabanci suka yi dariya, ita kuma ta mayar musu da wadda ta sa suka yi tsit. Na jira har ta shanye rabi, na ba ta ƙosai a takarda, na koma bakin aiki. Haka na riƙa yi kullum. Ta daina yi mini magana in ban da gaisuwa. In na shigo ɗaki ta fita. Ina jin zafin abin, kuma ba ni da wata takarda da zan nuna mata, sai maganar mata ɗaya da likita. Akwai ranakun da nake tsaye a ƙofar makarantar nan, rana na dukana, maƙogwarona a bushe, ina tambayar kaina ko zaluntarta nake yi a banza.

Wajen kwana goma da kama azumi, uwarta ta tare ni a ƙofa ta yi ƙasa da murya. Ta ce in dubi idon yarinyar nan in ta shigo. Na duba. Rawayar ta fara dawowa ta gefe. Ta ce jiya ma ta gan ta tana matsa wuyan hannunta a ɓoye, da ta tambaya ta ce rubutu ne ya yi yawa. Daga ranar uwarta ta daina tashinta sahur, ta koma ita ke tsare ta da kunu da safe. Ciwon bai kai ya kwantar da ita ba. Ya tsaya a wuyan hannu kwana biyu ya wuce.

Da wata ukun ya cika, ana tsakiyar azumi, na ɗauke ta muka tafi. Matar ɗakin gwajin ta tarbe ta da "Ƙawata, an ce kin yi fushi da ni." Ta ce ba ta yi ba. Aka ɗebi jini. Maimakon ta ce mu dawo gobe, sai ta ce mu jira a benci, kuma da ta gama ta kira mu ciki mu biyu. Ta ajiye siririyar takardar a gaban yarinyar, ba a gabana ba.

"Wannan na sama na wani ne mai AS, na sa shi don ki gwada. Layi nawa kika gani?"

"Biyu."

"Na ƙasa naki ne."

Ta sunkuya ta daɗe tana kallo.

"Ɗaya." Ta sa yatsa a inda babu komai. "Na Kawu a nan yake da?"

"A nan yake. Ya gama aikinsa ya tafi."

Na zaci za ta yi kuka, ba ta yi ba. Ta ce Babanta ya ce wai harafi ɗaya ne. Matar ta ce haka ne. Ta ce in waɗancan mutanen suka koyi gyara shi, za ta iya azumi?

"Ban sani ba ko ni zan ga ranar," matar ta ce. "Ke wataƙila ki gani. Amma sai kina nan za ki gani, ƙawata. Shi ya sa Babanki yake tsayuwa a rana."

Ban san yadda aka yi ta san ina tsayuwa a rana ba, sai daga baya na ji uwarta ce ta biya ta can ita kaɗai ta yi nata tambayoyin. Matar ɗakin gwajin ta rubuta mana sabuwar takarda, ta ƙara da wata 'yar wasiƙa zuwa makaranta a gyara abin da ke wajensu, don kada wata rana a sa ta gudu ko noma a rana bisa tsohuwar. Na yi mata godiya iyakar yadda na iya, ta ce in bar godiya in riƙa zuwa ranar da aka ba ni.

Matar nan ta bar aiki bayan wasu shekaru ta koma gida, ban sake jin ɗuriyarta ba. Har yau in na yi wa iyayena addu'ar alheri nakan tuna da ita, in roƙa mata sakayya. Maƙwabcina ya sake ba 'yata jini sau ɗaya bayan wannan, kuma bai fasa yi mini gori ba har ya koma ga Allah. Ita kuwa tana nan da ranta, tana ɗakin mijinta, an gwada shi kafin a ɗaura aure.

Amma ranar, da muka sauka daga danfo a bakin layin dogo, rana ta take, ga cunkoso ana jiran jirgi ya wuce. Ta taɓa hannun rigata. Rabon da ta fara yi mini magana da kanta tun ranar farko a ƙofar makaranta.

"Baba, gorar ta ƙare. Saya mini fiya-wata."

Na saya. Ta huda ledar da haƙori ta kafa kai a nan tsaye. Wani dattijo mai sayar da goro da ke zaune a gefe ya dube ta, ya dube ni.

"Ke 'yan mata, babba da ke ba kya azumi?"

Na buɗe baki zan amsa, ta riga ni.

"Sikila gare ni, Baba. An yafe mini."

Dattijon ya ce Allah ya ba ta lafiya, ta ce amin. Ta shanye sauran, jirgi ya wuce, muka tsallaka.